Zanin Gado Mai Wayar Ƙasa: Tarihin Da'awarsa da na Awonsa

A cikin hajojin da 'yan kasuwar Amurka suka fito da su a farkon ƙarnin nan, waɗanda yanzu ake tallarsu ta intanet har su iso duk garin da ake sauke kaya, akwai wani zanin gado na auduga da aka ratsa saƙarsa da siraran zaren azurfa, aka maƙala masa waya a gefe guda, wadda ake sokawa a ramin ƙasa na soket ɗin bango, ko kuwa a fitar da ita ta taga a ɗaure ta ga wani ƙarfe da aka kafa a tsakar gida. Masu sayar da shi kuwa suna da'awar cewa duk wanda ya kwana a kansa jikinsa ya sadu da doron ƙasa kamar na mai tafiya ba takalmi, barcinsa zai yi nauyi, kumburi da ciwon gaɓoɓi su yi masa sauƙi. To, wanda ya biya kuɗinsa ya shimfiɗa ya kwanta ba zai ji zafi ba, ba zai ji sanyi ba, babu ƙara, babu fitilar da za ta kama, don haka tilas zuciyarsa ta raya masa ko cinikin biri a sama ya yi. Tambayar da zai yi, wato ko abin nan yana aiki, alal haƙiƙa mas'aloli biyu ne aka ɗaure da igiya ɗaya: ko zanin ya sadu da ƙasa tabbas, da kuma ko saduwar tana warkar da wani abu. Kowace daga cikinsu tana da asalinta, da malamanta, da ma'auninta, kuma tarihin kowace ya kai kimanin shekara ɗari biyu ko fiye.

Mafarin al'amarin yana ƙasar Ingila. A shekarar 1729 wani dattijo mai suna Stephen Gray, wanda asalin sana'ar gidansu rini ce, ya gano cewa ƙarfin lantarkin da ake samu in an goga gilashi yana iya bin zare ya yi tafiya mai nisa, muddin an rataye zaren da alharini, amma da zarar an tallafe shi da wayar ƙarfe sai ƙarfin ya sulale ya ɓace. A shekarar da ta biyo ya rataye wani yaro da igiyoyi a sarari, ƙafarsa ba ta taɓa daɓe, ya kusanto da gilashin da aka goga ga tafin ƙafarsa, sai ga 'yan ɓarɓashin ƙarfe marasa nauyi suna tashi zuwa fuskar yaron. Daga nan aka san abu biyu da har yau ba su sake ba: jikin ɗan Adam yana ɗaukar lantarki, kuma ƙasa tana shanye shi in ta sami hanya. Benjamin Franklin na Filadelfiya ya gina hikimar ƙarfen kare tsawa a kan wannan ƙa'ida, wato a kafa tsinin ƙarfe a ƙololuwar gini, a ja shi da waya har cikin ƙasa. Wanda ya fara biyan diyyar saɓa wa sharaɗin shi ne Georg Richmann, malami a birnin Santa Fitasbag na Rasha, wanda a 1753 ya shigo da ƙarfen cikin ɗakinsa bai sadar da shi da ƙasa ba, domin yana so ya auna ƙarfin hadari. Tsawa ta biyo ƙarfen, ba ta sami hanyar sauka ba sai ta goshinsa, nan take ya mutu.

Ba a daɗe ba masu neman abinci da sunan magani suka shigo fagen, kuma a cikinsu babu wanda labarinsa ya kai na James Graham ban mamaki. Mutumin Edinbara ne, ya fara karatun likita bai kammala ba, ya yi yawo a Amurka inda ya ji labarin gwaje-gwajen Franklin, sa'an nan ya komo Landan ya buɗe wani gida a 1780 da ya laƙaba wa suna Haikalin Lafiya. A shekarar 1781 ya ƙaura da shi unguwar Pall Mall, ya kafa wani ƙasaitaccen gado mai tsawon ƙafa 12 da faɗin ƙafa 9, a ƙarƙashin wata ƙubba mai madubai, da maganaɗisu a jikinsa, da turare, da kiɗa mai tashi daga ciki, ya ce ma'auratan da suka rasa haihuwa in sun kwana a kai za su samu, kuɗin dare ɗaya kuwa fam 50, abin da ya fi albashin shekara na barori da yawa a wancan zamani. Abin lura shi ne gadon nan a kan ginshiƙan gilashi aka ɗora shi, da nufin a raba masu kwanciya da ƙasa don kada lantarkin ya tsere, wato kishiyar abin da ake sayarwa yau ke nan daidai wa daida. Bashi ya ci Graham, aka sayar da kayan gidan, amma bai saduda ba. Wajen 1790 sai ga shi da sabuwar fatawa, cewa ƙasa ita ce uwar magunguna, yana sa a haƙa rami a binne shi tsirara iya wuya, 'yan kallo suna biyan kuɗin shiga, shi kuwa kansa kaɗai a waje yana yi musu lacca. Mutum ɗaya, cikin shekara goma, ya sayar wa jama'a rabuwa da ƙasa, ya komo ya sayar musu da nutsewa a cikinta, kuma a duka biyun bai rasa masu rantsuwa cewa sun ji sauƙi ba. Ya rasu a Edinbara a 1794.

Cikin waɗanda suka fara kafa mizani ga irin wannan da'awa akwai wani likita mai suna John Haygarth. Dalilin kuwa shi ne wani Ba'amurke, Elisha Perkins na jihar Konetikat, ya sami takardar mallakar fasaha a 1796 a kan wasu 'yan tsinken ƙarfe guda biyu, kowane tsawonsa kamar inci 3, waɗanda ya ce in an shafa su a kan gaɓar da ke ciwo suna janye muguwar wutar da ta taru a wurin. Ɗansa ya kai su Landan, ana sayar da biyun a kan kuɗi gini 5, manyan mutane da limaman coci suna rubuta takardun shaida. A watan Janairu na 1799, a babban asibitin garin Bath, Haygarth da abokinsa William Falconer suka sa aka sassaƙa irin tsinken nan da itace, aka shafa musu fenti har ba a iya bambance su da na ƙarfe, suka shafa wa mutum biyar masu daɗaɗɗen sanyin ƙashi ba tare da sun gaya musu ba. Huɗu daga cikin biyar ɗin suka ce sun ji sauƙi, har wani da ba ya iya takawa sosai ya ce ƙafarsa ta saki. Kashegari aka gwada na ƙarfen na ainihi, sakamakon bai bambanta ba. Haygarth bai ƙaryata marasa lafiyan ba, bai ce ƙarya suke yi ba, domin sauƙin da suka ji gaskiya ne. Hukuncin da ya yanke, wanda ya buga a 1800, shi ne cewa sanadin sauƙin yana cikin zato da kyakkyawan fatan mai jinya, ƙarfen ba shi da rabo a ciki. Wannan ita ce ƙa'idar da likitoci ke bi a yau: kafin a jingina waraka ga wani abu, a gwada shi kafaɗa da kafaɗa da jabunsa, alhali mai jinya bai san wanne aka ba shi ba.

Ɗaya mas'alar, ta awon saduwa da ƙasa, daga wata sana'a dabam ta fito, wadda babu ruwanta da lafiyar jiki. A 1827 wani malamin makaranta Bajamushe, Georg Ohm, ya bayyana lissafin da ke tsakanin ƙarfin turin lantarki, da yawan abin da ke gudana, da turjiyar da hanya ke yi masa, kuma da sunansa ake kiran ma'aunin turjiya har yau, wato om. A 1838 kuma Carl August von Steinheil yana ƙoƙarin amfani da ƙarafan layin dogo na tsakanin Nuramba da Fürth a maimakon wayar tangarahu, abin ya ƙi, domin wutar tana zurarewa daga dogo ɗaya zuwa ɗaya ta cikin ƙasa. Da wani ne da ya tattara kayansa ya tafi, shi kuwa sai ya fahimci cewa in ƙasa tana ɗaukar wuta haka, ashe ba a bukatar waya biyu, ta tafiya da ta dawowa, a ja guda ɗaya kurum a binne farantin ƙarfe a kowane ƙarshe, ƙasa ta ɗauki nauyin dawowar. Wannan ya rage rabin kuɗin waya, duniya duka ta bi, kuma daga nan ingancin farantin da aka binne ya zama abin da cin abincin ma'aikatan gidan waya ya rataya a kai: in ƙasar da ke kewaye da shi ta bushe, ko tsatsa ta ci mahaɗin, saƙo ya raunana ko ya yanke, kuma ba a ganin aibin da ido. Larura ce ta haifi ma'aunai. Sydney Evershed a Landan ya ƙera akwatin da ake juya hannunsa kamar injin niƙa ya ba da wutar gwaji, wanda kamfaninsa ya yi wa rajista da sunan Megger a 1903. Frank Wenner na hukumar ma'aunai ta Amurka ya bayyana a 1915 yadda za a kafa ƙarafa huɗu a jere, tsakaninsu daidai, a tura wuta ta biyun gefe a auna ta biyun tsakiya, a san turjiyar ƙasar wurin kafin a binne komai. Da irin wannan awo aka tabbatar cewa danshin laka yana ba wuta hanya cikin sauƙi, busasshen rairayi da dutse kuwa turjiyarsu tana iya ninka ta laka sau ɗaruruwa. A 1923 kuma aka fara sayar da na'urar Donald Macadie, injiniyan gidan wayar Ingila wanda ya gaji da ɗaukar akwatuna barkatai, ya haɗa awon ampiya da bolt da om a akwati ɗaya. Jikanyarta ce maltimitar da kowane mai gyaran rediyo da wayar hannu ke ajiyewa a kan tebirinsa.

Filogi mai ƙafa uku masu kusurwa, wanda Ingila ta tsayar a 1947, Nijeriya da Gana kuma suka gada, ƙafarsa ta sama da ta fi tsawo ita ce ta ƙasa, an tsawaita ta ne don ta riga shiga ta kuma yi ƙarshen fita. Babbar manufarta ita ce: in waya mai wuta ta kuɓuce ta taɓa jikin firiji ko dutsen guga, wutar ta sami gajeriyar hanya ta gudu, fis ya ƙone, mai gida ya tsira. Waɗanda suka tsara ta suna tunanin yadda za a nisanta mutum da wuta ne, bai taɓa zo musu a rai ba cewa wata rana wani zai ɗaura makwancinsa a jikinta.

Aƙidar cewa taɓa ƙasa magani ce ba ta mutu da Graham ba. Sebastian Kneipp, limamin Katolika a Wörishofen ta Bavariya, ya riƙa umurtar masu zuwa wurinsa su taka raɓa ba takalmi da asuba. Adolf Just ya buɗe wurin jinya a duwatsun Harz a 1896, yana kwantar da mutane a kan ƙasa, har littafinsa ya kai hannun Gandhi, wanda ya riƙi ɗaura laka a ciki a matsayin magani. Amma wanda ya ɗaura auren wannan aƙida da wayar masu lantarki shi ne Clint Ober, mutumin Montana, wanda ya yi rayuwarsa a sana'ar talabijin mai zuwa ta waya, inda sadar da layi da ƙasa farilla ce don hoto ya fito ba yayyafi. Bisa ruwayarsa, a 1998 yana zaune a garin Sedona na Arizona ya lura cewa duk masu wucewa takalman roba ne a ƙafarsu, ya yi ƙiyasin jikin mutum da layin talabijin, ya koma gida ya manna tef mai ƙarfe a kan katifarsa, ya ja waya ta taga zuwa ƙarfen da ya kafa a waje, ya ɗauko mita ya auna jikinsa. Daga wannan dare aka sami kamfani, aka sami zannuwa da tabarmi da matasan kai, a 2010 kuma aka buga littafin Earthing da ya rubuta tare da likitan zuciya Stephen Sinatra da marubuci Martin Zucker. Ƙiyasi kuwa, kamar yadda malaman usulu suka sharɗanta, ba ya inganta sai an tabbatar cewa illar, wato dalilin hukunci, da ke cikin asali tana nan cikin reshe, kuma nan ne gardamar take.

Wanda yake so ya san ko zaninsa ya sadu da ƙasa, aikin da ke gabansa irin na mai tahƙiƙin isnadi ne: silsila ce mai mutum huɗu, zani ya karɓa daga waya, waya daga soket, soket daga ƙarfen da aka binne, ƙarfen daga ƙasa, in ɗaya ya faɗi daga tsakani ruwayar ta yanke, kome amincin sauran. Daga soket ake farawa, da wata 'yar na'ura mai fitilu uku da ake sokawa ta nuna ko ramin ƙasa yana da waya a bayansa. Sai dai tana da makanta guda mai hatsari, domin in wani mai gyara ya yi ha'inci ya haɗa ramin ƙasa da wayar da ke mai da wuta a bayan murfin, fitilun za su ba da shaidar lafiya, alhali ranar da wayar nan ta tsinke a wani wuri, wutar gidan za ta iya biyowa ta ramin. Sa'an nan a zare wayar zanin daga bango, a juya maltimita zuwa awon om, a ɗora tsinke ɗaya a wannan ƙarshe, ɗaya a wancan. A nan mutane da yawa ke ruɗewa su jefar da lafiyayyar waya, saboda sun sa mitar a wurin da take yin ƙara in hanya ta sadu, ba su ji ƙara ba. Dalili kuwa yawancin wayoyin nan an dasa musu rizisto mai om 100,000 a ciki da gangan, mitar kuwa ba ta ƙara sai turjiya ta yi ƙasa da 'yan gomomin om. Lissafin Ohm ya bayyana hikimar: in wutar gida mai bolt 230 ta biyo wayar bisa hatsari, abin da zai ratsa riziston bai wuce miliampiya 2.3 ba, wanda mutum zai ji tsirarsa amma ba ya kisa. Saboda haka wayar da ta nuna kusan 100,000 lafiyarta lau, wadda ba ta nuna komai ba ta tsinke a ciki, wadda ta nuna kusan sifiri kuwa ba ta da wannan kariya.

Zanin kansa shi ne mai raunin silsilar. A ɗora tsinke ɗaya a kan maɓallin ƙarfen da waya ke kamawa, a danna ɗayan a kan zaren azurfa, a fara daga kusa, a bi a hankali zuwa tsakiya inda baya da kafaɗu ke kwanciya, sa'an nan kusurwar nesa. Sabon zani ko'ina aka taɓa lambar ƙarama ce. Wanda ya sha wanki kuwa sau da yawa gefensa yana amsawa, tsakiyarsa shiru, domin azurfa tana baƙi in ta haɗu da farar wuta da ke cikin gumi da iska, man shafawa yana lulluɓe ta, ruwan bilic yana cinye ta, murza da matsa kuma suna karya zaren. Ido ba ya ganin wannan mutuwa, zanin yana nan fari tas.

Akwai kuma gwaji na ƙarshe, wanda masu talla suka fi ƙauna, domin shi ne mai ɗaukar ido. A juya mita zuwa awon bolt na wutar gida, a haɗa baƙin tsinke da ƙasa, a riƙe jan tsinke tsakanin yatsu, a zauna a bakin gado ƙafa ba ta taɓa daɓe: mitar za ta nuna bolt ɗaya ko biyu ko fiye, gwargwadon kusancin gadon da wayoyin bango da fitilar gefen gado. A ɗora tafin hannu a kan zanin, sai lambar ta faɗi kusa da sifiri. Wannan gaskiya ne, babu sihiri ko maguɗi a ciki. Amma ya kamata a san abin da aka auna: wayoyin gida, da wutarsu ke kai da komo sau 50 a daƙiƙa, suna jawo ɗan ƙarfin lantarki a jikin duk wani abu mai ɗaukar wuta da ke kusa, ko mutum ne ko bokitin ƙarfe, kuma lambar za ta faɗi haka nan in mutum ya kama famfon ƙarfe da ya fito daga ƙasa, ko aka ɗauke wutar unguwa. Mitar ta shaida cewa isnadi ya sadu. Ba a tambaye ta komai game da barci ko kumburi ba, kuma ba ta da ilmin da za ta amsa.

Wannan mas'ala ta biyu kotun Haygarth ce ke da hurumin sauraronta, hujja kuwa tana wuyan mai da'awa. An yi bincike, ba a ce ba a yi ba. Wanda aka fi ambato, na Ghaly da Teplitz a 2004, ya auna sinadarin kotisol a jikin mutum 12 da suka kwana a kan irin wannan shimfiɗa mako takwas, ba tare da wani rukuni na jabu da za a gwama su da shi ba. Waɗansu da suka biyo baya sun yi amfani da wayar jabu, wadda aka yanke ta a ciki, kuma wannan shi ne daidai, sai dai mutanen da aka gwada kaɗan ne ƙwarai, sa'an nan da yawa daga masu binciken sun bayyana da alƙalaminsu cewa suna da alaƙar aiki ko hannun jari da kamfanin da ke sayar da kayan. Alaƙa ba ta mai da mutum maƙaryaci, amma alƙali ba ya yanke hukunci da shaidar wanda ke da rabo a cikin dukiyar da ake shari'a a kanta sai an sami wani daga waje ya ƙarfafa ta, kuma a ra'ayina har yanzu da'awar tana matsayin zato, ba ta kai yaƙini ba.

Mai karatu da ke Kano ko Zinder ko Kumasi, in zanin nan ya zo hannunsa, mas'alar farko, ta saduwa da ƙasa, ta fi shafarsa fiye da mutumin Arizona. Gidaje da yawa a garuruwanmu an ja musu waya biyu kurum, ramin na uku ado ne. Inda aka binne ƙarfe kuwa, da gishiri da gawayi kamar yadda masu aikin wuta suka saba, gishirin yana cin ƙarfen sannu a hankali, ƙasar kuma da ta ba da hanya a watan Agusta tana iya bushewa ƙamas a watan Maris. In an tada janareta ma sau da yawa babu wanda ya sadar da shi da ƙasa. Dokar lantarki ta Amurka ta ce ƙarfe guda da turjiyarsa ta haura om 25 sai an ƙara masa na biyu, mu kuwa a nan da wuya ka sami mai gidan da ya taɓa ganin an auna nasa. Kada kowa ya ɗaura makwancinsa ga soket sai ya kira ƙwararren mai aikin wuta ya buɗe murfin ya duba bayansa, ya auna ƙarfen gidan a tsakiyar rani, ya tabbatar akwai na'urar da ke katse wuta in miliampiya 30 ta zurare. A zare wayar in hadari ya taso. Wanda kuma likita ya ɗora a kan maganin hawan jini ko na sukari ya ci gaba da shan abinsa, ko mita ta nuna sifiri ko ba ta nuna ba.